Haƙurin da Ke Cin Jiki

Ƙannena maza da mata, da ku masu karatu a Samaru da ku masu neman na kanku a Sabon Gari, tarbiyya ɗaya aka yi muku ko da gidajenku sun bambanta. An koya muku cewa namiji ba ya raki, 'ya mace tagari ba ta tallar abin da ke ranta, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Tarbiyya ce mai amfani, ita ta hana mu zama mutanen da ƙaramin abu ke kayarwa. Sai dai tana da wani gefe da manya ba su cika faɗa ba. Damuwar da mutum ya haɗiye ba ɓacewa take yi ba, sauka take yi a jini da zuciya da ciki da barci, kuma sau da yawa wanda ta fi yi wa ɓarna shi ne mai ƙoƙarin nan da kowa ke yabo. Saboda haka nake ganin sauke damuwa aiki ne da ya kamata ku sa a lissafinku na yau da kullum, kusa da kuɗin rajista da kuɗin haya.

Ku dubi Samaru a makon jarabawa. Ƙarfe biyun dare azuzuwan Jami'ar Ahmadu Bello a cike suke. Ga ɗalibi a kan benci, ya sha Nescafé mai kauri a teburin mai shayi, ya ɗora goro ko lemon gwangwanin nan mai kore barci. Ya maimaita shafi ɗaya sau huɗu, ido na bin layi amma ba abin da ke shiga. Ƙeyarsa ta ɗaure, tsakiyar kansa na zafi, wani lokaci ma yana jin wani abu na yawo a ƙarƙashin fatar kan. A wayarsa akwai saƙon mahaifiyarsa na ɗazu. Addu'a ce zalla, amma ya san abin da ke bayanta: buhunan masara aka sayar aka biya masa rajista, kuma ƙannensa na jiran ya gama ya ɗauke su. Gari na wayewa ya shiga ɗakin jarabawa, abin da ya sani sarai ya ɓace masa ɓat. Ya fito yana zargin ko an yi masa sammu, ko kuwa shi ne daƙiƙi tun asali.

Ba ko ɗaya daga ciki. Wannan yanayi yana da tarihi a rubuce, kuma a Najeriya aka fara rubuta shi. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya wallafa bayanin ɗaliban da ke zuwa masa da waɗannan alamomi: zafin kai, dishi-dishin ido, kasa fahimtar karatu da saurin mantuwa. Prince ya ɗora laifin a kan karon da ilimin boko ke yi da al'adar Afirka, fassarar da ta fi nuna tunanin zamanin Turawan mulki fiye da yadda ta nuna ciwon. A 1980 Olufemi Morakinyo na jami'ar Ife ya kawo bayanin da ya fi kama hankali: tsoron faɗuwa a zuciyar yaron da dangi suka ɗora wa buri, ga hana ido barci, ga shan abubuwan da ke kore barcin. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma wanda ya zagaya Samaru da dare zai ɗauka jiya aka rubuta.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba ɓoyayye ba ne. Tun 1936 Hans Selye, a birnin Montiriyal, ya lura cewa ɓerayen gwajinsa suna nuna lahani iri ɗaya ko da wace irin wahala aka gana musu, sanyi ne ko rauni ko gajiya. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan aika wa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ya dakata. Wannan shiri rahama ne ga wanda kare ya biyo, domin cikin minti kaɗan an gama, jiki ya koma yadda yake. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin kare da mai bin bashi ba. Ɗan Adam yana iya tayar da wannan ƙararrawa da tunani kawai, yana kwance a kan katifarsa, kuma bashi da rashin aiki da gorin dangi ba a minti biyar suke wucewa ba. Idan ƙararrawar ta yi wata da watanni tana kaɗawa, sai barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni, hawan jini ya samu wurin zama, haddar da aka yi wahala a kanta ta riƙa zubewa.

A Sabon Gari ba jarabawa ake yi ba, amma ƙararrawar iri ɗaya ce. Garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa fiye da shekara ɗari, inda Bahaushe da Bayerabe da Ibo da Nufawa suke cin kasuwa ɗaya, gari ne na wanda kullum sai ya fita zai ci. Ku ɗauki matashin da ke jan Keke Napep tsakanin PZ da Kwangila da Samaru. Kafin ya ajiye ko sisi na kansa sai ya haɗa balas ɗin mai keke, ya cire kuɗin mai, ya sallami masu yankar tikiti. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Da la'asar, idan balas bai cika ba, za ku ga haƙoransa a datse, yana zagin fasinja a kan naira hamsin, ya koma gida ya huce a kan matarsa ko ƙaninsa. Su ma ɗalibai ba su tsira ba: yajin aikin ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, kuma duk mai shago da mai ɗakin haya a Samaru ya ji a jikinsa. Abin da masana suka gano yana ƙara wa damuwa dafi shi ne rashin sanin ranar ƙarewarta da rashin iko a kanta, kuma waɗannan biyun su ne abincinmu na kullum.

Na san abin da wasunku za su ce, domin manya ma suna faɗa: wannan ciwon Turawa ne da 'yan gata, kakanninmu sun sha wahalar da ta fi wannan ba su kwanta ba, baƙar fata ƙarfi gare shi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi haɗari, kuma 'yan'uwanmu baƙaƙen fata na Amurka sun biya kuɗinta da tsada. Wani masani Ba'amurke baƙar fata, Sherman James, ya haɗu da wani manomi mai suna John Henry Martin a jihar Karolina ta Arewa. Mutumin ya taso cikin talaucin noman kashi-mu-raba, ya yi aiki dare da rana har ya sayi gonarsa, ya biya bashinta cikin shekara biyar. Kafin ya tsufa hawan jini da ciwon gaɓoɓi da gyambon ciki sun gama da ƙarfinsa. Daga nan James ya shiga bincike, ya wallafa sakamakon farko a 1983: a cikin baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka fi dagewa a kan cewa da ƙarfin tsiya za su ture kowace katanga su ne jininsu ya fi hawa. A 1992 Arline Geronimus ta ƙara da cewa lafiyar mata baƙaƙen fata a Amurka takan fara zaizayewa tun suna da ƙuruciya, saboda tarin wariya da talauci da ɗawainiyar da suke ɗauka shiru.

Sai kuma binciken da Richard Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, inda suka auna jinin mutum fiye da 10,000 masu asali ɗaya daga Afirka ta Yamma. Sun samu hawan jini a kashi 16 cikin 100 a Najeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Jini ɗaya, zama daban. Gaskiya ne su masu binciken sun danganta kaso mai yawa na wannan bambanci ga ƙiba da cin gishiri, kuma ba kowane bincike da aka sake yi ne ya tabbatar da maganar James daidai da yadda ya faɗa ba. Amma abin da ba a musu a kansa ya ishe mu: launin fata ba ya kare kowa, kuma irin zaman da mutum yake yi yana shiga jininsa. Mu a Zariya ba wariyar launin fata ke damunmu ba, amma muna da namu katangun, kuma ƙididdigar 'yan shekarun nan na nuna kusan babba ɗaya cikin uku a Najeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Game da kakanni kuwa, sun sha wuya ba shakka, amma da ƙafa suke zuwa gona, suna kwanciya bayan lisha, suna zaune cikin gandu inda nauyi ke rabuwa. Waɗanda damuwa ta kashe a cikinsu kuma an ce ajali ne, ko an ce zuciyarsu ce ta buga, ba wanda ya auna.

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta wasa ba ce: ai mai imani ba ya damuwa, wanda ya kasa barci tawakkalinsa ne ya yi ƙaranci. Wannan fahimta ta sa matasa da yawa, Musulmi da Kirista, suna ɗaukar kaya biyu, ga damuwar ga kunyar damuwar. Amma tarihin addinin kansa bai goyi bayanta ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake nufi da mai baƙin cikin. Annabi Yaƙubu ya yi jimamin ɗansa har ya taɓa masa ido, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya koka cewa likitoci sun kula da jiki sun bar zuciya. Ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani, ya kuma ba da shawarar a nemi amintaccen mutum a yi magana da shi. Salla da zikiri da addu'a suna kwantar da zuciya, wannan ba abin jayayya ba ne, musamman idan an yi su da natsuwa ba a tsaitsaye ba. Amma wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama yakan yi addu'a ya kuma sha magani, ba wanda ke ganin ya saɓa.

Magana ta uku ita ce wadda na fi girmamawa. Wani zai ce: ka ce in yi barci, in ja numfashi, alhali aljihuna ne ba komai, a gyara ƙasa, damuwata za ta tafi da kanta. Rabin wannan magana gaskiya ce tsantsa. Ba dabarar numfashin da za ta rage kuɗin buhun shinkafa, kuma duk mai nasihar da ya mayar da yunwar mutane matsalar tunaninsu ya zalunce su. Neman a gyara, ta ƙuri'a da ƙungiya da faɗar gaskiya, wajibi ne. Sai dai gyaran ƙasa ba shi da ranar da aka sa, jikinku kuwa yau yake aiki. Mai kuɗi idan jininsa ya hau yana da likita a Abuja ko Alƙahira. Yaron shago idan ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara arba'in, shi da iyalinsa sun shiga uku. Wanda ba shi da jari sai lafiyarsa shi ya fi kowa buƙatar tsaronta. Kuma mutumin da ya yi sati bai yi barcin kirki ba shi ne ke yanke shawarar da ke ƙara masa talauci: ya ci bashin manhajar waya mai ruwa, ya zuba kuɗin balas a cacar ƙwallo, ya yi faɗa da ubangidansa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

To me ke hannunku? Na farko barci, kuma a nan zan daɗe, domin shi aka fi rainawa. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take ɗaure abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana yana karatu har asuba ya zuba hatsi ne a buhun da bai ɗinke gindinsa ba. Babba yana buƙatar awa bakwai ko fiye, kuma karatun awa uku da rana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, tun farkon zango, ya fi kwana uku a zaune a makon jarabawa. Sinadarin da ke cikin kofi da goro yakan yi awa biyar ko shida rabinsa bai bar jini ba, don haka wanda ya sha bayan la'asar da shi zai kwanta. Na san zafin watan Afrilu da sauro da ɗaukewar wuta da ɗakin mutum shida ba sa barin barci ya yi daɗi, amma gidan sauro da tsayayyen lokacin kwanciya da ajiye waya nesa da matashin kai ba su fi ƙarfin kowa ba. Wayar nan ma, ban da hana barci, ita ke nuna muku bikin wance da motar wane a TikTok da tsakar dare, ba ta nuna muku bashin da aka ci aka yi su. Sai motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar, wanda ƙwallon yamma ko sauka daga keke kafin a kai gida zai biya. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da indomi. Idan zuciya ta taso, a ja numfashi a hankali a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, sau da yawa, domin doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya.

Akwai gajeriyar hanya da ake tallata muku a lungu, kuma kun san ta. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata. A Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC ya tona yadda ake shansa, har da 'yan mata da matan aure a cikin gida. Da yawa daga cikin masu shan tiramol ba don nishaɗi suka fara ba, sun fara ne don su iya aiki ko su manta. Ƙwayar takan ba da aron natsuwar awa kaɗan, ta dawo ta karɓa da riba, ta ƙara da farfaɗiya ga wanda ya zarce.

Abin da ya fi ƙwaya aiki, kuma shi tarbiyyarmu ta fi hana mu, shi ne buɗe baki. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin suke da sauran alamun ciwon baƙin ciki, alhali a rukunin waɗanda ba su zauna a bencin ba kusan rabi ne. Tun 1954 ma likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su. Mu muna da majalisa da zumunci da adashe da zaman bayan sallar magariba da ƙungiyoyin coci. Aibin majalisarmu shi ne ana iya shekara goma ana musun Arsenal da siyasa ba wanda ya san ɗan'uwansa na kwana ido biyu. Ba a ce ku tallata sirrinku ba, mutum ɗaya ya isa, mai riƙe amana, wanda ba zai mayar da maganarku abin hira ba. Ke kuma ƙanwata, da ake tambayarki yaushe za ki fito da miji tun kina aji biyu, ko kike haɗa lakca da goyo da girki, ki sani cewa “na gaji, a taimaka mini” ba rashin kunya ba ne. Idan kuma ku aka zo wa da magana, kada ku yi saurin rufe ta da “sai haƙuri”. Ku bari a gama faɗa tukuna.

Akwai inda aboki da malami ba su isa ba. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, ya daina wanka da fita, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa, wannan asibiti ne, kuma a ranar. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, amma ku kuna cikin masu sa'a: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashensu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, ɗalibai kuma suna da asibitin cikin makaranta da za su fara da shi. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Dokar ƙasa ma ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma haramta nuna wa mai wannan lalura wariya. Ku da kuke ganin lafiyarku ƙalau kuwa, hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Cikin makon nan ku shiga asibitin unguwa ko kantin magani mai rajista a auna ku, ku ja mahaifi ko ubangida ku tafi tare. Idan awo ya kai 140 bisa 90, a sake aunawa wata rana, idan ya maimaita ku ga likita.